Manhajar da ba ta kuskure

An yi wani saurayi, Sani, mai koyon rubuta manhaja a hannun Malam Garba, a wani ofis da ke tura wa 'yan kasuwa kuɗi. Aka ba shi aiki a Python: ya rubuta async da zai aika saƙo banki, ya jira amsa da await, ya dawo da ita. Sani yaro ne mai tsafta. Ya zuba aikin cikin try, ya buɗe finally a ƙasa don a rufe layi ko an dace ko ba a dace ba. Sai ya ƙara 'yar kalma a gindinsa, return True, wai alamar an kammala shara.

Tun daga ranar manhaja ba ta sake kuka ba. Intanet ta yanke, True. Banki ya ƙi, True. Manaja ya yi ta yabonsa, har ya ƙara masa albashi.

Ana nan, sai ga wata mai sayar da atamfa, ta ce waya ta nuna mata kuɗi sun tafi, amma dillalinta bai ga ko sisi ba.

Malam Garba ya duba, ya kira Sani gefe. Ya ce masa finally ne ke magana a ƙarshe. In ya yi nasa return, sai ya danne amsar try, ya haɗiye duk kuskuren da ya taso. Ko soke aikin aka yi don ya daɗe, CancelledError ɗin ma a nan yake nutsewa. Ya ce kamar mai shara ne ya tare ɗan aike a bakin ƙofa, ya karɓe wasiƙa, ya shiga ya ce lafiya lau. Shi ya sa Python 3.14 ke gargaɗi a kan irin wannan layin. Ya ce bai faɗa wa kowa ba, ya ɗauki hularsa ya tafi sallar la'asar.

Sani ya zauna. Yana iya biyan matar a ɓoye, ya bar layin return ɗin. In ya goge, gobe allo zai cika da ja, kuma manaja zai tambayi wanda ya ɓata abin da ke tafiya lafiya. Ya tuna albashi, ya tuna yadda matar ta riƙe wayarta hannu na rawa. Ya daɗe yatsansa na kan maɓalli. Ya goge, ya bar finally da rufe layi kawai.

Washegari kurakurai suka yi ta fitowa. Manaja ya fito yana faɗa, wa ya taɓa manhaja? Sani ya miƙe ya ce shi ne, kuma akwai tsofaffin biyan da ya kamata a bi ɗaya bayan ɗaya, a fara da na mai atamfa.