Wa'azi a Akwatin Kowa: Talabijin na Kafanchan da Batun Adalci

Gidan talabijin na gwamnati da aka kafa a garin da ba addini ɗaya ake bi ba yana fama da tambayar da injiniya ba zai iya amsawa ba. Wane rabo ne adalci tsakanin masu wa'azi, kuma wane haƙƙi mai kallo yake da shi a kan maganar da ta shigo masa ɗaki ba sallama? Tashar NTA ta Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jema'a, tana zaune a inda wannan tambaya ta fi kaifi, domin a Kafanchan da Gidan Waya da Kagoro da Zonkwa, masallaci da coci maƙwabta ne, wani lokaci ma bango ɗaya ya raba su.

Talabijin ya shigo Najeriya ta Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, lokacin da gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe WNTV. Enugu ta biyo baya a 1960. Arewa ta samu nata a watan Maris 1962, da gwamnatin Sardauna ta kafa kamfanin BCNN tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila, aka buɗe Rediyo Talabijin Kaduna. A shekarun farko abin na manyan birane ne da gidajen manyan ma'aikata. Yankin da ake kira Kudancin Zariya a lokacin rediyo ya sani. Daga baya Jos, wadda ta fi Kaduna kusa da Kafanchan, ta samu tashar Benue-Plateau a 1974, kuma ita ce ta fara nuna hoto mai launi a ƙasar. A 1977 dokar soja mai lamba 24 ta haɗe tashoshin duka a ƙarƙashin NTA. Tsarin mulkin 1979 ya mayar wa jihohi damar buɗe nasu, dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, har DITV ta Khalifa Baba-Ahmed ta fara aiki a Kaduna a 1994. Tashar Kafanchan tana cikin ƙananan tashoshin da NTA ta baza zuwa garuruwan da ba manyan biranen jihohi ba, a faɗaɗawar da ta biyo bayan komawa mulkin farar hula a 1999.

Jadawalin irin waɗannan ƙananan tashoshi kala biyu ne. Akwai abin da ake jonawa daga hedikwata, wanda babbansa shi ne labaran ƙarfe tara na dare. Akwai kuma abin da ake haɗawa a gida: labaran yanki, sanarwar rasuwa da ta aure, bikin naɗin sarauta, taron siyasa, raye-rayen gargajiya, da shirye-shiryen addini. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 da gwamnati ta ce kafofinta su fara nemo wani kaso na kuɗin tafiyar da kansu, sayar da fili ya zama hanyar sayen man janareta. A garin da babu manyan kamfanoni masu talla, ɗan siyasa da mai wa'azi su ne abokan cinikin da ba sa yankewa.

Addini ba baƙo ba ne a kafofin Kaduna. Tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga masallacin Sultan Bello ya yi shekaru yana fita ta rediyon Kaduna a watan azumi, daga baya aka ba Sheikh Dahiru Usman Bauchi nasa filin, masu sauraro suka riƙa jin muhawarar Izala da Ɗariƙa daga tasha ɗaya. Ranar Lahadi kuma ana sa sujada da waƙoƙin mawaƙan coci. Tsarin da aka gada ke nan: Juma'a ta wannan, Lahadi ta wancan, azumi da Sallah a gefe guda, Kirsimeti da Ista a ɗaya gefen.

Doka ta yi ƙoƙarin kafa wa wannan al'ada iyaka. Dokar NBC ta hana ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisin watsa shirye-shirye. Kundin ƙa'idojin hukumar ya nemi a ba addinan da ke cikin al'umma dama daidai wa daida, ya hana kushe addinin wani, ya kuma sa wa shirye-shiryen addini iyakar kashi 10 cikin 100 na lokacin tasha a mako. A 2004 hukumar ta hana nuna mu'ujizar da ba za a iya tabbatar da ita ba, abin da ya tayar da ƙura a cocin Fentikos, inda aka yi ta tambayar wane ma'aikacin gwamnati ne ke da ma'aunin gane aikin Allah. Tambayar tana da nauyi, ko da kuwa wasu daga cikin masu yin ta kasuwarsu suke karewa.

Mafi sauƙin fahimtar adalci a nan shi ne lissafin minti: rabin sa'a ga malam, rabin sa'a ga fasto. Amfanin wannan lissafi shi ne ana iya nuna shi a takarda ranar da aka zo da ƙorafi, shi ya sa manajoji ke son sa. Amma da an matsa shi kaɗan sai ya fara tsagewa. Rabin sa'ar da ta biyo bayan labarai ba ɗaya take da rabin sa'ar tsakar rana ba, lokacin da mutane ke gonar citta ko kasuwa, wutar lantarki kuma babu. Sannan wa ke wakiltar wa? Filin Kirista na ECWA ne, ko na Katolika, ko Baptist, ko Anglican, ko sabbin majami'un da suka fi kowa iya biya? Filin Musulmi na Izala ne ko na Tijjaniyya? Tasha kan sauke wannan nauyi a kan ƙungiyar Kirista ta CAN da ta Musulmi ta JNI, wanda hakan na nufin ƙaramin da ba shi da murya a cikin ƙungiyar ba zai same ta a akwati ba. Masu bin addinin kakanni kuwa ba sa cikin rabon sam. Ana nuna bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, ana nuna Tuk Ham na mutanen Jaba, amma da sunan al'ada, an cire musu duk abin da ya shafi ibada. Ko ibadar kakanni ta rage ko ba ta rage ba, gidan talabijin ya riga ya yanke hukunci cewa addinai biyu ne a ƙasar.

Akwai masu ganin a bar kuɗi ya raba gardama: fili na sayarwa ne, duk wanda ya biya a sa shi. Wannan ra'ayi yana da kamannin gaskiya, tunda farashi ɗaya ne ga kowa. Sai dai tashar da aka gina da dukiyar jama'a ba rumfar kasuwa ba ce. Idan aljihu ne ke zaɓar mai magana, muryar addini a garin za ta zama muryar wanda ya fi tara baiko ko wanda ya fi samun attajiri a bayansa, kuma ba lallai shi ne ya fi ilimi ko natsuwa ba.

Matsalar da ta fi waɗannan zurfi ta shafi mai sauraro. Wa'azi tun asali magana ce ta cikin gida. Liman a kan mumbari da fasto a kan bagadi suna magana da mutanen da suka taso da ƙafafunsu, suka yarda da tushen zancen, suka san abin da ake nufi ko da an faɗe shi da zafi. Bangon ginin yana daga cikin ma'anar maganar. Kyamara tana rushe wannan bango. Jimlar da ta zama ƙarfafa zuciya ga na ciki tana iya zama zagi a kunnen na waje, ba tare da an canza mata harafi ɗaya ba. A shagon mai shayi da ke bakin titin Gidan Waya, inda akwati ɗaya ke rataye a kusurwa, eriya a kan gora, ɗalibin kwaleji da ɗan acaɓa da Bafulatanin da ya kawo shanu kasuwa duk abu ɗaya suke kallo, ba kuma mai iko da rimot sai mai shago.

A kudancin Kaduna abin ya ƙara tsanani saboda harshe. Atyap da Bajju da Ham da Agworok da Fantswam da Kaninkon da Gwong kowa da yarensa, amma Hausa ce harshen kasuwa, kuma ita ce harshen coci tun zamanin mishan na SIM, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932. Da Hausa ake rera waƙoƙin Zumuntar Mata, da ita ake fassara tafsiri. Saboda haka babu labule tsakanin ɓangarorin biyu. Kowa yana jin abin da ɗan'uwansa ya faɗa game da Annabi Isa ko Yesu Almasihu, game da ceto da hisabi, kalma bayan kalma, ba tafinta.

Yankin ya ga abin da hakan ke iya haifarwa tun kafin ya samu tashar talabijin. Ranar 6 ga Maris 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wadda daga baya ta koma mazauninta na Gidan Waya, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta shirya taron wa'azi, Rabaran Abubakar Bako ya yi magana, ɗalibai Musulmi da suka ji suka ce ya taɓa Alƙur'ani da Annabi. Faɗa ya tashi daga harabar makaranta ya shiga gari, cikin kwanaki kaɗan ya kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, aka ƙona wuraren ibada, aka rasa rayuka. An zargi gidan rediyon tarayya na Kaduna da yaɗa rahotannin da suka ƙara wa wutar mai, gwamnatin jiha kuma ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Hansine Donli. Darussa biyu ne a cikin lamarin ga duk mai riƙe da makirufo: maganar cikin gida da ta faɗa kunnen na waje ita ta kunna, labarin da aka watsa kuma shi ya kai ta inda ƙafa ba ta kai ba. Rikicin Zangon Kataf na 1992, na Kafanchan na 1999 da na bayan zaɓen 2011 sun ƙara tabbatar da cewa a wannan yanki jita-jita ta fi mota gudu.

Addinan biyu ba su rasa abin cewa a kan wannan ba. A Suratul Hujurat an umarci muminai da su bincika labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da mutane cikin rashin sani. A Suratul An'am an hana zagin abin da wasu ke bauta wa, saboda abin da zagin zai jawo. Wasiƙar Yaƙub ta yi dogon gargaɗi a kan ɓarnar harshe, wasiƙar Bitrus ta fari kuma ta nemi mai bi ya bayyana begensa da tawali'u da girmamawa. Amma duka biyun addinan kira ne. Musulmi yana da wajibin da'awa, Kirista yana da umarnin kai bishara ga dukan al'ummai, kuma kowannensu yana riƙe da abin da ɗayan ya ƙaryata. Duk wanda ya ce a yi wa'azin da ba zai saɓa wa kowa ba, ya ce ne a daina wa'azi a koma nasiha kan tsafta da biyan haraji. Wasu shirye-shiryen zaman lafiya da ake zaunar da malam da fasto a kujera ɗaya suna faɗawa wannan rami: kowa ya yi murmushi, kowa ya ce duk ɗaya ne, mai kallo kuma ya san ba haka suke faɗa ranar Juma'a da Lahadi ba.

Iyakar da za a iya karewa da hujja ta fi wannan ƙunci. Mai wa'azi yana da haƙƙin faɗin abin da ya gaskata har ƙarshensa, ko da ya saɓa wa maƙwabci. Abin da ba shi da haƙƙi a kai a tashar kowa shi ne ya zama shi ke bayyana wa jama'a addinin maƙwabcin, ya ɗauko littafinsa ya fassara masa, ko ya kira shi da sunan da ba ya amsawa. Bambancin a aikace yake fitowa, a ɗakin tacewa, inda furodusa ke zama da faifan da aka kawo ya saurare shi daga farko zuwa ƙarshe kafin ya hau iska. Aiki ne mai gajiyarwa, ga wanda ya biya yana jira a waje, ga kuma sanin cewa idan aka yanke jimla ɗaya za a ce don furodusan ba addininsu ɗaya ba ne. Shi ya sa tashar da ma'aikatanta suka fito daga ɓangarorin biyu ta fi samun bakin yankewa. Shirin kai tsaye da ake buɗe layin waya ya fi kowanne haɗari, don ba a kiran magana ta dawo.

Yau ikon ƙaramar tasha a kan abin da ake kallo ya ragu ƙwarai. Tauraron ɗan'adam ya kawo tashoshin addini zalla irin su Sunnah TV da Manara TV da Emmanuel TV, ya kawo Arewa24 tun 2014. Sauya watsa shirye-shirye zuwa tsarin dijital, wanda aka fara gwajinsa a Jos a watan Afrilu 2016 ya kuma iso Kaduna a Disamba 2017, ya ƙara yawan zaɓi, wayar hannu da Facebook da WhatsApp kuma sun ba kowane mai wa'azi tasharsa ba tare da furodusa ba. Kowane gida yana iya zama da muryar da yake so kaɗai, guntun bidiyon da aka yanko daga wa'azin ɗaya ɓangaren kuma ya iso masa ta waya, an cire abin da ya gabace shi da abin da ya biyo baya. Dokar jihar Kaduna ta 1984 kan wa'azi, da yunƙurin sabunta ta a 2016 wanda malamai da fastoci da dama suka yi wa ca, duk lasifika da kaset da filin taro suka fi dubawa. Abin da ya rage wa tashar gari irin ta Kafanchan, tare da gidajen rediyon yankin, shi ne kasancewarta cikin wurare kaɗan da limamin unguwa da faston unguwa ke fitowa ɗaya bayan ɗaya a gaban masu kallo guda, a ƙarƙashin ƙa'ida guda, kuma wanda aka ɓata wa rai ya san ofishin da zai kai ƙara.