Kada Ki Ɗauki Kayan Nan Ke Kaɗai

Ya ke 'yar'uwa, ko kina cikin uwayen da suka goya yaro zuwa asibitin Magarya ko Dungas, suka komo da majanyi kawai? A daminar 2018, yara wajen goma ke mutuwa kowace rana a asibitin Magarya, yawanci saboda zazzaɓi da tamowa.

'Yan gaisuwa sun watse, amma barci ya ƙaurace miki, kina ta zargin kanki. Wannan ba hauka ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba. Baƙin ciki ne, yana kuwa da masu jiyya. Ki tambaya a asibiti inda za ki sami mai ba da shawara kan damuwa.

Me zai yi miki? Zai zauna ya saurare ki. Ba zai tsauta miki ba, ba zai kai maganarki kasuwa ba. Ki yi kukanki a gabansa, ba kunya. Zama ɗaya ba ya isa, amma sannu ba ta hana zuwa. In abin ya tsananta, sai ya haɗa ki da likita.

Allah yana ganin hawayenki, sau da yawa kuwa ta hannun mutum yakan share su. Ki tashi ki je.