Wasiƙar Ɗalibin Zane Daga Birnin Landan

  'Yan'uwa masu karatun wannan fili, a wannan mako zan amsa wata wasiƙa ce wadda ta hana ni sukuni tun ranar da na karanta ta.

Wanda ya aiko ta wani yaro ne da na koya wa Larabci shekarun baya. Tun yana aji na lura hannunsa ya fita daban da na tsaransa. In ya rubuta harafi sai ka ce bugun ɗab'i ne, bayan littattafansa kuwa cike ya ke da zanen dawaki da itatuwa da fuskokin abokansa. Da Allah Ya nufa sai ya sami tallafin karatu, ya tafi wata makarantar koyon zane-zane a birnin Landan ta ƙasar Ingila. Ya yarje mini in amsa masa a bainar jama'a, muddin na sakaya sunansa, domin ya ce ba shi kaɗai ne cikin wannan hali ba.

Ga yadda ya siffanta zamansa. Ɗakinsa ɗan tsurut ne, gado da tebur sun cinye shi. Da hunturu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Da duhu ya ke fita, ya shiga jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya yini a tsaye gaban allon zane da gawayi da burushi a hannu. Azahar da La'asar da Magariba duk sai su shiga cikin abin da bai wuce sa'a huɗu ba, shi kuwa yana aji. Dare uku a mako yana wanke kwanoni a wani gidan abinci, domin kuɗin fenti da takarda ba su da kaɗan. Cimarsa burodi da ƙwai da shayi, saboda shakkar nama. Sa'an nan sau ɗaya a mako akwai wani darasi wanda a ke kawo mutum, namiji ko mace, ya tuɓe ya tsaya tsirara, ɗalibai su kewaye shi suna zanawa.

Ana cikin haka sai mahaifinsa ya ji a wurin wa'azi cewa masu yin surori suna cikin waɗanda za su fi kowa shan azaba ranar Alƙiyama. Ya kira shi ya ce ko dai ya bar wannan karatu ya komo gida, ko kuwa ba shi ba shi. Yaron ya kasa bari, don bai iya wata sana'a ba, ya kuma kasa samun natsuwa. Ƙarshen wasiƙarsa ga abin da ya ce: "Malam, wata uku ke nan ban kai goshina ƙasa ba. Tun da an ce ni ɗan wuta ne, me salla za ta ƙara mini?"

To, jama'a, ku dubi wannan magana da kyau. An tsoratar da yaro a kan abin da malamai suka yi saɓani a kan mafi yawansa, sai ya saki abin da babu Musulmi biyu da suka taɓa saɓawa a kan wajabcinsa. Garin gyaran gira an rasa ido. Wannan shi ne sakamakon fatawar da a ke yankewa ɗungurungum ba tare da rarrabewa ba, kuma a kansa na ke so mu tsaya.

Da farko, babu mai musun hadisan tsoratarwa. Sun tabbata a cikin Buhari da Muslim, kuma duk wanda ya ce wa wannan yaro babu komai a cikin sha'anin sura, ya cuce shi. Dalilin tsananin kuwa a fili ya ke. Gumakan nan biyar da aka ambata a cikin Suratu Nuhu, watau Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, Abdullahi ɗan Abbas ya bayyana cewa asalinsu sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu sai aka kafa musu alamu don tunawa, da zamani ya nisa ilmi ya gushe sai aka koma bauta musu. Ta ƙofar sura shirka ta fara shigowa, saboda haka Shari'a ta tsaya a bakin wannan ƙofa da sanda. Dalili na biyu shi ne girman kan mai sana'a, wanda ya ke ji a ransa yana gasa da Mahalicci.

Amma mu ga yadda shi ɗan Abbas ɗin ya yi da aka kawo masa irin wannan matsala. Wani mutum ya zo ya shaida masa cewa abincinsa daga aikin hannunsa ya ke, aikin kuwa yin surori ne. Ɗan Abbas bai ɓoye masa komai ba, ya gaya masa abin da ya ji daga Manzon Allah, cewa za a kallafa wa mai sura ya hura mata rai alhali ba zai iya ba. Mutumin ya firgita, fuskarsa ta sauya. Sai ɗan Abbas ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to, ya riƙa yin itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Ku lura, ya tsoratar da shi, kana ya buɗe masa ƙofar da zai ci abinci. Mu yanzu rabin farko muka riƙe, muka yar da na biyu.

Malamanmu na Malikiyya kuwa sun rarraba mas'alar daki-daki. Shaihu Ahmad Dardiri, wanda ya rasu a Masar a 1786, ya yi bayaninta a cikin sharhinsa na Muhtasar Halil, wurin maganar walima. Abin da ya haramta shi ne surar mai rai, mutum ko dabba, wadda ta ke da jiki mai inuwa, gaɓoɓinta kuma cikakku, watau mutum-mutumi. Wadda ba ta da inuwa, kamar zanen takarda ko na bango, makaruhi ce in an ɗaukaka ta. In kuwa a wurin da a ke takawa ko a ke zama a kai ta ke, to, barinta ne dai ya fi. Zanen itatuwa da duwatsu da jiragen ruwa da gidaje halas ne. An kuma togace 'yar tsanar da yara mata su ke wasa da ita, domin Nana A'isha ta yi wasa da irinta a gidan Annabi. Ita ce kuma wadda ta rataya labule mai surori, Annabi ya ƙi shi, ta yanka shi ta yi matasan kai, aka ci gaba da amfani da su a ɗaki. Gaskiya ne Imamu Nawawi na Shafi'iyya ya tsananta, ya haramta surar mai rai ko da inuwa ko babu, kuma wanda ya bi shi don tsantseni ya yi kyau. Sai dai tsantseni abu ne da mutum ya ke ɗora wa kansa. Ba a yanke wa ɗan Musulmi tsammanin rahama da shi.

Ashe ke nan, ya ɗana, mafi yawan abin da ka ke yi daga safe zuwa yamma yana tsakanin halas da makaruhi a mazhabar da aka haife ka a cikinta. Abu biyu ne zan tsaya maka a kansu ba sassauci. Na ɗaya, kada ka sassaƙa ko ka ƙera cikakken mutum-mutumi. Na biyu shi ne darasin nan na tsiraici. Laifinsa ba daga zane ya taso ba, daga kallo ne. Allah Ya umurci muminai maza da mata da runtse ido a cikin Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, kuma al'aura al'aura ce, ko a ɗakin karatu ko a kasuwa. Za a ce maka ai likita ma yana dubawa. Likita lalurar ceton rai da lafiya ce ta halatta masa, gwargwadon lalurar kuma. Ba a taɓa jin wanda ya mutu don an kasa zana cinyarsa ba. Ka tafi wurin malaminka da ladabi, ka faɗa masa addininka ya hana, ka roƙi a musanya maka da zanen mutum cikin tufafinsa, ko hannuwa, ko fuska. Mutanen can sun fi ganin girman wanda ya faɗi dalilinsa a fili bisa ga wanda ya ke zillewa a ɓoye. In an ƙi, ka nemi komawa wani sashe, ko na zanen tufafi, ko na tsara littattafai, ko na ƙawata gini.

Kada kuma ka zaci ka rage kanka da wannan. Musulmi da suka kauce wa gunki ba su naɗe hannu ba, sai suka zuba gwanintarsu a cikin rubutu da zayyana. Ibnu Muƙla, wazirin Bagadaza wanda ya rasu a 940, shi ya auna haruffan Larabci da ɗigo ya kafa musu ƙa'ida. A nan birnin da ka ke, a gidan kayan tarihi na Victoria and Albert, akwai kilishin Ardabil da aka saƙa a ƙasar Farisa wajen 1540. Je ka zauna gabansa sa'a guda ka ga abin da hannu ya yi ba da surar mai rai ko ɗaya ba. Kai da ka tashi kana ganin allon zayyana, da aska takwas a gaban riga, da adon soraye, da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ai ba da hannu wofi ka je musu ba.

Ka ɗauki darasi daga Ibrahim Salahi, mutumin Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin addini. Ya yi karatun zane a makarantar Slade ta nan Landan daga 1954 zuwa 1957. Da ya koma Hartum ya baje kolin abin da ya koyo irin na Turawa, sai ya ga mutanensa ba su kula ba. Ya zauna ya yi tunani, ya koma ga haruffan da ya gani a allunan makarantar mahaifinsa da adon da talakawa su ke yi wa kayansu, ya gina aikinsa a kansu. Da wannan ne duniya ta san shi, har a 2013 gidan zane na Tate Modern ya tara ayyukan rayuwarsa ya nuna. Ban ce kowane zane nasa ya kuɓuta daga saɓanin da muka ambata ba. Abin lura dai shi ne, abin da ya ɗaukaka shi a gida ya baro shi, sai da ya komo ya same shi.

Yanzu sai babbar magana, watau salla. Ya ɗana, ko da a ce duk zanenka zunubi ne, da sai in ce maka kai ne ka fi kowa bukatar salla. Wani mutum ya taɓa zuwa wurin Annabi cikin nadama, ya ce ya sumbaci matar da ba tasa ba. A kansa aka saukar da aya ta 114 ta Suratu Hudu, wadda ta yi umurni da tsai da salla, ta kuma bayyana cewa kyawawan ayyuka suna tafiyar da munana. Ba a kore shi daga masallaci ba, can aka tura shi. Tunanin nan na cewa ka riga ka halaka, daga Shaiɗan ya ke, kuma ya fi zane hatsari nesa ba kusa ba, domin Allah Ya hana bayinSa masu laifi ɗebe tsammani daga rahamarSa, kamar yadda ya zo a Suratuz Zumar, aya ta 53. Yau ɗin nan ka yi alwala ka fuskanci alƙibla, ka tuba, ka soma rama na wata uku ɗin nan gwargwadon iko. Ka sani kai mazauni ne, don niyyar zaman kwana huɗu tana yanke hukuncin tafiya, saboda haka babu ƙasaru a kanka. Amma salla guda ba ta cin minti goma, kuma duk wuri mai tsarki masallaci ne, ko bayan ƙofar aji. In lokaci ya matse, ka jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta, ka yi La'asar a farkon nata, alwala ɗaya ta ishe ka. Ran Juma'a ka nemi jam'i, ko a babban masallacin da ke gefen gandun Regent ko wani na kusa da kai, domin kaɗaici shi ne ya ba waswasi wuri a zuciyarka.

Ga mahaifinsa kuwa, Alhaji, Allah Ya saka maka da alheri a kan kishin addini, tsoron wuta ne ka ke ji wa ɗanka. Amma ka kira shi da kanka. Kafin ka tambaye shi me ya zana, ka tambaye shi ko ya yi Asuba. Ka sa masa sharaɗin nan biyu, ka sa masa albarka, ka bar shi ya ƙarasa karatunsa. Baiwar hannu amana ce daga Allah, kamar baiwar harshe. A kan yi wa'azi da harshe, a kan yi giba da shi, ba mu kuwa taɓa cewa a yanke shi ba.

Mu kuma da mu ke hawa mumbari da masu zama kan buzu, mu ji tsoron Allah a kan kalmar "haramun". Wanda ya haramta halas da wanda ya halatta haram duk ƙarya suka ƙaga wa Allah. Maganar da ka faɗa cikin daƙiƙa ɗaya a nan, tana iya raba wani yaro da salla wata uku a wata ƙasa, kai ba ka sani ba. In an tambaye mu, mu rarrabe, mu faɗi abin da aka haɗu a kansa da abin da aka saɓa, kana mu nuna wa mai tambaya ƙofar da zai fita, kamar yadda ɗan Abbas ya yi.

Allah Ya tsare 'ya'yanmu da ke baƙunci, Ya komo mana da su da imaninsu da ilmi mai amfani. Allah Ya sa mu dace, amin.