TA HANNUN WANE: AMANAR SAƘON MUTANE

Yau wata tambaya nake so mu tattauna, wadda in kika ji ta da farko za ki ce ai wannan ba abin tambaya ba ne. Idan aka aiko miki da wasiƙa ko ƙunshin kaya ta hannun mai shagon bakin layinku, daga lokacin da ya karɓa zuwa lokacin da ya miƙa miki, saƙon nan na wane ne? Na san za ki ce naki ne mana, tunda sunanki ne a jiki. To, na yarda. Amma in naki ne, me ya sa wasu masu karɓa suke ganin suna da ikon buɗewa, ko su riƙe sai sun ga dama, ko su ba da labarinsa a majalisa?

Mu da muka tashi a Ƙofar Nassarawa mun san wannan harka sarai. Bakin titi kowa ya san shi, domin ta nan Sarki yake fita ranar Hawan Nassarawa, amma da zarar ka kutsa cikin lunguna, in ba ɗan unguwa ba ne kai, sai ka wuni kana neman gida ɗaya. Masinjan gidan waya bai san gidanmu ba, kuma ba kowane magidanci ne yake da kuɗin hayar akwatin gidan waya duk shekara ba. Saboda haka sai a rubuta sunanki a bayan ambulan, a ƙasa a sa "ta hannun" mai kanti, ko tela, ko mai kemis, ko wani malamin makaranta. Kafin wayar hannu ta shigo a 2001, ta wannan hanya miji da ke neman kuɗi a Legas yake gaisawa da iyalinsa, ta nan takardar samun makaranta take zuwa, ta nan ake kiran mutum ganawar ɗaukar aiki. Mu ma marubuta, adireshin kantin littattafai muke sawa a bayan littafi don masu karatu su rubuto mana.

Yanzu wasiƙa ta ragu, amma kaya sun ƙaru. Kina ɗakinki za ki ga atamfa ko turare ko takalmi a waya, ki biya, a ɗora wa direba a tasha, mai babur ya ɗauko, ki ce masa, "Ka ajiye min a shagon wane." Kin ga ke nan ba mu rabu da "ta hannun" ba har gobe.

Ni dai a nawa ganin, duk wanda ya yarda ya karɓi saƙon wani, to hannunsa kaɗai aka ara, ba a ari idonsa da bakinsa ba. Aikinsa ya karɓa, ya adana, ya miƙa wa mai shi a kan lokaci. Kuma wannan "a kan lokaci" ba ƙaramin abu ba ne. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta nemi makarantar koyon jinya, ta yi ta jira har ta fid da rai, aka ce mata ai ba rabonta. Sai bayan wata huɗu yaron shago yana kakkaɓe durowa ya ci karo da takardarta a ƙarƙashin rasitai, alhali an daɗe da rufe ɗaukar ɗalibai. Mai shagon nan ba mugu ba ne, bai buɗe ba, bai ci ko kwabo ba, mantuwa ce kawai. Amma wallahi ɓarnar da mantuwarsa ta yi, ko ɓarawo bai yi mata ita ba, domin ɓarawo zani zai ɗauka, shi kuwa shekara guda ya ɗauke mata.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware hukuncin ajiya. Sun ce in abu ya salwanta a hannun mai ajiya ba tare da laifinsa ba, kamar gobara ko sata bayan ya adana yadda ya kamata, to babu biya a kansa. Amma in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar abin da aka ba shi, ya zama mai lamuni. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i kuma umarni ce a mayar da amana ga masu ita. Ki lura, ga masu ita aka ce, ba a ce ga wanda mai ajiya yake ganin ya fi dacewa ba.

Nan ne maganar take da wuya, kuma ba zan ɓoye miki wuyarta ba. A ce dattijo ne mai kanti, abokin mahaifinki, ya ga duk mako ana kawo miki ambulan mai ƙamshin turare ko wani ƙunshi da ba a san mai aiko shi ba. Zuciyarsa ta ce masa yarinyar nan wani ne yake son yaudararta. Shin ya buɗe ya gani don ya cece ki? Mutane da yawa za su ce ya buɗe mana, ai ɗa na kowa ne, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban raina wannan magana ba, domin tausayi ne ya kawo ta, kuma sau da yawa zargin dattijon gaskiya ne.

Duk da haka ni ban goyi bayan buɗewa ba. Dalilina shi ne, ranar da ya buɗe ta farko don alheri, ya riga ya naɗa kansa alƙalin saƙon kowa. Gobe ta matar maƙwabcinsa ce zai ga ba ta kwanta masa ba, jibi ta bazawarar da ake ƙananan maganganu a kanta. Wa zai sa masa iyaka? Kuma abin da ido ya gani, da wuya baki ya riƙe. Hanyar da ta dace tana nan a fili. Ya kira ki ya yi miki faɗa irin na uba, in bai gamsu ba ya ce, "'Yata, daga yau kada a ƙara kawo miki saƙo nan sai da sanin babanki." Yana da cikakken ikon ƙin karɓa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya karɓa da fara'a sannan ya koma bayan kanta yana ɓare ambulan.

Haka nan in kishiya ce ko ƙanwar miji ta zo ta ce a ba ta saƙon amarya za ta kai mata. In mai saƙon ba ta aiko ta ba, kada ya bayar, ko da kuwa za a ce ya cika tsauri. Gidaje nawa ne suka rikice saboda takarda ɗaya ta bi ta hannun da bai kamata ba?

Hukuma ma ba ta bar abin haka ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Hukumar NIPOST, wadda aka kafa a 1985 bayan an raba harkar wasiƙu da ta tarho, ita aka ɗora wa ba kamfanonin kai saƙo lasisi. A Amurka kuwa, karɓar wasiƙu a madadin mutane sana'a ce mai zaman kanta, kuma sai shagon ya yi rajista da gidan waya. Duk wanda yake son a riƙa karɓar masa sai ya cike wani fom mai lamba 1583, ya kawo shaida iri biyu, ɗaya mai hotonsa. Abin da ya fi burge ni, ko mutum ya daina hulɗa da shagon, dole su ci gaba da tura masa wasiƙunsa har wata shida. Wato amana ba ta ƙarewa don ciniki ya ƙare.

Wannan neman shaida yana koya mana cewa shi ma mai shago yana da haƙƙi a kanmu. 'Yan damfara suna son adireshin da ba nasu ba, haka masu safarar miyagun ƙwayoyi, kuma in asiri ya tonu wanda aka samu kayan a shagonsa shi za a fara kamawa. Don haka in ya tambaye ki wace ce ke, wa ya aiko, kada ki ɓata rai, rigakafi yake yi. Ki gaya masa tun kafin kayan su iso, ki je ki karɓa da wuri, kada ki mayar masa da shago sito. Kada kuma ki ba wata ƙawa da ba ki san sana'arta ba adireshinsa.

Su kuma masu shaguna, ina roƙon ku gaya wa mazajenku da 'yan'uwanku da suke wannan taimako su sayi ɗan littafi guda. A rubuta ranar da saƙo ya zo, da sunan mai shi, da sunan wanda ya karɓa, ya sa hannu. A ware wuri ɗaya na ajiya, a kuma ja wa yaran shago kunne cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya san ba zai iya ba, ya faɗa tun farko, babu wanda zai zarge shi.

Kafin mu nuna mai shago da yatsa, mu ma mu duba kanmu. Sau nawa ake barin saƙon maƙwabciya a wurinmu mu ɗaga leda mu leƙa, mu ce kuɗin atamfar kawai muke son sani? Sau nawa wayar 'yar'uwa take ƙara a gabanmu mu karanta abin da ya shigo? Duk hukuncinsu ɗaya ne da ɓare ambulan.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.