Laifin Wa Ne?

In an haifi yaro da rauni, ko ciwo ya bi zuriya, mukan yi saurin neman mai laifi. Sau da yawa kuwa a kan uwa mukan ɗora shi. Bari mu dubi abin da ɓeraye suka koya wa masana.

A shekara ta 1979, a Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam, masana biyu, Aerts da Van Assche, suka ba da labarin gwajinsu. Sun ba ɓeraye mata wani magani mai lalata ƙwayoyin da ke yin insulin, watau abin da ke rage sukari cikin jini. Ɓerayen suka kamu da ciwon sukari, suka haihu. 'Ya'yansu mata suka girma kamar lafiyayyu, amma da suka yi ciki sai ciwon ya fito. Jikokin ma tun suna ciki aka ga alamarsa a jikinsu, alhali kakarsu kaɗai aka ba maganin.

Ga dalilin. Sukarin uwa yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, amma insulin ɗinta ba ya ratsawa. Dole tayin ya yi nasa fiye da ƙarfinsa, wahalar nan kuwa takan bar masa rauni har girmansa.

Mutum ba ɓera ba ne, amma an ga irin wannan a cikin kabilar Pima ta Amurka. A shekara ta 2000 aka nuna cewa 'ya'yan da uwa ta haifa bayan ta kamu sun fi kamuwa, bisa ga yayyensu da ta haifa tana lafiya.

To, laifin wa ne? Laifi yana bukatar sani da nufi. Ɓerar nan ba ta zaɓi ciwonta ba, matar da ta karɓi rauni tun cikin uwarta ita ma ba ta zaɓa ba. In mun zarge ta, mun ƙara mata kaya a kan kaya.

Amma kada mu ce ƙaddara ce, mu naɗe hannu. Gama masanan nan, a shekara ta 1992, sun daidaita sukarin ɓeraye masu ciki, 'ya'yan kuwa suka tsira daga raunin. Ashe abin da ke bin zuriya yana yankuwa.

Saboda haka, ko da ba mai laifi, akwai mai alhaki, shi ne wanda ya sani yana kuma da iko. Gaɓoɓin ɗan mutum suna kafuwa cikin mako 8 na fari, sau da yawa kafin uwa ta tabbata tana da ciki. Mace mai ciwon sukari fa ta ga likita tun ba ta ɗauki ciki ba. Mu mazaje, da kuɗin mota da na awo ke hannunmu, in mun hana, alhakin yana wuyanmu. Wanda ya kai matarsa asibiti yau, ya yi wa jikan da bai gani ba alheri.