Garuruwan da ke ƙarƙashin fiffike

Tambayi wayarka nisan Birnin Kebbi da Jidda, kafin ka ƙifta ido za ta ce maka wajen kilomita 3,800. Mu masu rubuta manhaja mun san inda amsar ta fito. Ana ɗaukar duniya tamkar ƙwallo, a sa ɗigo biyu, a auna layi mafi gajarta tsakaninsu. Lissafi ne ɗan ƙarami, kuma ba a tanadi gurbin gari ko mutum a cikinsa ba.

Maniyyacin Maiyama ko Aliero yakan bi ta Jega zuwa filin jirgin Sir Ahmadu Bello, cikin 'yan awoyi sai ga shi a ƙasa mai tsarki. Kakanninsa da ƙafa suka yi ta: Borno, Wadai, Darfur, har Suwakin a bakin Bahar Maliya. Shekaru take ci. A yada zango, a yi noma ko ƙwadago, a haɗa guzuri, a ƙara gaba. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba. Garin Mai Wurno na Sudan, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, kuma har gobe ana ciniki da Hausa a kasuwannin ƙasar.

Matafiyin ƙasa bashi yake ci a kowane zango. Wani ya ba shi ruwa, wani ya share masa zaure, wani ya taya shi binne abokin tafiya. Ta yaya zai manta sunan garin? Mu kuwa ta saman kawunansu muke wucewa, an sauke labulen taga, ana rabon abinci.

To, wanda ka tsallake ta sama yana da haƙƙi a kanka? Wani zai ce babu, tunda haƙƙi da haɗuwa yake zuwa, kuma sauƙin da Allah ya kawo ba abin kunya ba ne. Yana da hujja. Ba mai son tsohuwarsa ta taka hamada. Sai dai a ganinmu bashin da kakanni suka ci gado ne, jirgi bai biya mana shi ba.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, aka rufe sararin samaniyar Sudan. Jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kamfanoni suka nemi ƙari. Ta nan yaƙin ya shigo hirar majalisa: awa nawa aka ƙara, nawa kujera ta koma. Manomin albasa a Aliero ya sake ƙirga buhunansa, kuma ba a ga laifinsa ba, guminsa ne. A daidai lokacin, mutanen Junaina suna tsallakawa Adire ta ƙasar Chadi da ƙafa, da yara a goye, a kan hanyar da ayarin mahajjata ke bi a da, sai dai su yamma suka nufa.