Wa Ke Kiwon Makiyayi?

Maganar yau a kan fasto ce. Shi muke tasa da tsakar dare idan yaro ya suma, shi ke sasanta miji da mata, shi ne a asibiti, shi ne a makabarta. Mu ce masa "Baba, ina gajiya?" ya ce "Ba gajiya," mu karɓa mu wuce, alhali duk ya rame.

Ku dubi 'yan'uwanmu na Adventist. Da wuya a sami ɗarikar da ta kai su koyar da hutu: daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa faɗuwarta ranar Asabar, ba ciniki, ba noma. Amma a wannan ranar ce fastonsu ya fi kowa shan aiki. Sau da yawa mutum ɗaya ke riƙe da gunduma mai ikkilisiyoyi da dama, wannan Asabar nan, mai zuwa can. Ga rahoton baftisma da na zakka da hedikwata ke jira, ga canjin wurin aiki tun yaransa ba su saba da makaranta ba. Ciwon ya daɗe a gidansu. James White, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ɗarikar a 1863, ya yi ta jibgar aiki har shanyewar jiki ta kama shi a 1865, yana da shekara 44. Yana ɗan 60 ya rasu.

Sauran ma ba su tsira ba. A 2022 cibiyar bincike ta Barna ta tambayi fastocin Furotesta a Amurka, kashi 42 cikin 100 suka ce sun yi tunanin ajiye aikin da gaske, saboda nauyinsa da kuma kaɗaici. Ko maƙwabtanmu limamai a nan Wudil, daga Asuba zuwa Lisha ba su da ranar kansu, ga suna, ga ɗaurin aure, ga jana'iza. Sai dai liman yana da na'ibi da ladan, kuma galibi yana cikin danginsa. Fasto kuwa sau tari baƙo ne a garin. Kowa na kai masa kuka, shi ba shi da wurin kai nasa.

Kada wani ya ce gajiya raunin bangaskiya ce. Jiki magayi. Annabi Iliya, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Barci aka bar shi ya yi, aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu, magana ta biyo baya. Yetro ma da ya ga surukinsa Musa yana shari'a daga safe har yamma, cewa ya yi a naɗa masu taimaka masa.

To dattawa da dikinoni, ku ne masu taimakon nan. Ziyarar marasa lafiya ku raba ta a tsakaninku. Ku ware wa fasto rana ɗaya a mako, wadda in ba mutuwa ba babu mai buga masa waya. Idan kun tura shi duba mara lafiya a Kano, kuɗin mota da na mai a kanku yake, kada ya taɓa na cefanen gidansa. Zumuntar Mata, ku leƙa matarsa, ita ma ta gaji, kuma ita ko albashi ba ta da shi.

Ku kuma matasa, ɗaliban jami'a da na makarantar 'yan sanda, shara da jera kujeru da koyar da yara naku ne daga wannan makon.